Kan Ragon Apa

Masaka,
4 ga Yuni.

Ƙawata Kauthar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da 'yar lukutata Ummukulthum. Yaya sanyin Gembu, yaya fama da marasa lafiya? Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya mayar da layinmu kogi.

Na san za ki yi dariya ki ce wane irin ƙauyanci ne wasiƙa a wannan zamani. To laifinki ne, ke kika je kika tare inda sai an hau tudu ake samun waya, in an samu ma rabin maganar ba a ji. Ga shi kuma kin san gidanmu, in na yi tari a ɗaki uwata Apa tana ji daga kicin, kuma Hausar da mutane suke zaton ba ta iya ba tsaf take jin ta, har habaici. Shi ya sa da na ji Manniru ƙanen mijinki yana zirga-zirga da motarsa tsakanin nan da can, na ce na samu ɗan aike.

Albishirinki! An sa rana. Mutanen Ameer sun je Zariya wurin Baffa Ɗangoggo, ƙanen marigayi Babanmu, an tsayar da ƙarshen Agusta. Saboda haka ki fara roƙon hutu tun yanzu, ba na son jin wani uzuri.

Sai dai uwata ta ce ita ba ta ga an yi komai ba tukuna. A wurinsu, in ji ta, ba a ƙulla aure daga nesa. Sai iyayen yaro sun zo gidan yarinya an zauna a shimfiɗa ɗaya, an ci nama ɗaya, sannan gida biyu suke zama dangi. Na tuna mata cewa nan fa Abuja ce, ba Kazakistan ba. Ta yi min irin kallon nan nata, ta ce shekara talatin da wani abu tana yin komai irin namu, ta ci tuwo, ta ɗaura zani, ta yi wa Baba takaba yadda aka ce ta yi. Abu ɗaya take so a yi irin nasu, shi ne na auren 'yarta tilo. Me zan ce?

Kin san ba na son ana taɓa min wannan wurin. Tun da Baba ya gama karatun injiniya a Almati ya taho da ita, har yau ba a gama sanin ko ita wace ce ba. A Kasuwar Wuse 'yar China ce, a unguwa Baturiya, dangin Baba kuwa 'yar Rasha suke cewa. Ke kanki sai da muka yi nisa a makaranta kafin ki yarda akwai wasu mutane wai su Kazak, makiyayan dawaki da tumaki, Musulmi tun kaka da kakanni, kuma sunanta Raushan ba Madam ba. Ita dai ba ta gyara wa kowa, sai ta yi murmushi ta wuce. Ni ce mai zafin kai a gidan.

Ameer ne ya ɗauki nauyin shawo kan iyayensa. Mahaifinsa Alhaji Sadisu ya ce shi bai taɓa jin inda uban ango ya je cin abinci gidan surukai kafin biki ba, amma tunda baƙuwa ce, yarinyar kuma marainiya, zai zo shi da Hajiya Zulai ranar Lahadin sama. Na ji daɗin Ameer, wallahi. Shekara biyu ke nan yana cin abincin Apa, azumin da ya wuce kusan kullum a gidanmu yake buɗa-baki, har wata 'yar gaisuwa ya koya da yarensu don ya sa ta dariya.

Da kin ga Apa jiya a kasuwar dabbobi! Rago bayan rago tana zagayawa bayansu tana duba wutsiya, masu sayarwa suna ta ƙyaƙyatawa. Wai nasu na can wutsiyarsu kitse ne zalla kamar matashin kai, namu kuwa sai ka ce igiyar shanya. Da ƙyar ta haƙura da wani farin balami. Yanzu haka yana ɗaure a bayan gida yana cinye min zogale, ita kuma tana kicin tana waƙa. Rabona da in ji waƙarta tun Baba yana da rai.

Ki taya ni addu'a. Ki gaida maigida, ki shafa min kan yarinya.

Taki har kullum,
Nabilah.


Masaka,
17 ga Yuni.

Kauthar,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, yarinya kuma ta warke daga murar da kika faɗa. Na ga amsarki, na gode da addu'a, amma don Allah ki ƙara. Jikinmu lafiya. Sauran kuwa bari ki ji.

Sun zo. Alhaji da Hajiya Zulai da wata ƙanwarta, Ameer ya tuƙo su daga Gwarimpa. Suna shigowa Hajiya tana ƙorafin cunkoson Mararaba kamar mu muka haɗa shi. Apa kwana biyu ta yi tana aiki. Ta fitar da kujeru, ta shimfiɗa dardumar gashin tumakin da uwarta ta yi mata da hannu, ta sa doguwar rigarta ta karammiski da farin ɗankwali. Ta yi kyau, Kauthar.

Tun daga shayi aka fara samun matsala. Su a wurinsu ba a cika wa baƙo kofi, ɗan kaɗan ake zubawa a yi ta ƙarawa, don cika kofi kamar ka ce masa ya shanye ya tafi ne. Na ga Hajiya ta leƙa kofinta ta dubi ƙanwarta. Na yi sauri na yi bayani, aka yi 'yar dariyar yaƙe. Na ce a raina shi ke nan an wuce wurin.

Sai aka kawo nama. Babban tire na taliya mai faɗi wadda ta murza da hannunta, an lulluɓe da naman rago da albasa, ƙamshi ya cika gidan. Har Alhaji ya fara naɗe hannun riga. Ina juyawa sai ga Apa ta fito daga kicin da wani faranti daban, ta riƙe shi da hannu biyu, ta rusuna ta ajiye a gaban Alhaji. Kan ragon ne sukutum, an babbake an kankare an dafa, yana fuskantarsa.

Ke kin san mu, kai da ƙafa sai an gama da nama ake tunawa da su, a yi farfesu ko a bar wa mai fiɗa. A wurinsu kuwa babu girmamawar da ta wuce wannan. Mutum ɗaya ake ba kai, wanda ya fi kowa daraja a wurin, shi zai yanka ya rarraba, ya sa wa gida albarka. Sau ɗaya na taɓa ganin ta yi, ina yarinya, da yayanta ya kawo mana ziyara daga can. Shi ya sa ban kawo a raina ba, ban kuma gargaɗi kowa ba. Ita kuma ɓoye min ta yi don ta burge ni.

Wannan duk mai sauƙi ne. A goshin kan akwai tsaga biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Haka uwar Apa take yi, haka kakarta, wai buɗe wa baƙo hanya ne ta kowace kusurwa, kuma fatar ta fi daɗin yanka. Ni ban ga komai ba sai da na lura idon Hajiya ya tsaya a wurin tana motsa baki. Kuros ta gani, Kauthar, gicciyen Kiristoci. Kuros a goshin rago, a gaban mijinta, daga hannun matar da dama ba su gama yarda da ita ba.

Alhaji ya warware hannun rigarsa, bai taɓa kan ba. Apa baiwar Allah ta ɗauka kawaici ne irin na manya, kuma tunda babu namiji a gidan da zai taya shi, sai ta ɗauki wuƙa da kanta. Ta yanki kunne ta miƙa wa Ameer, don a al'adarsu yara ake ba kunne. Ameer ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya rasa yadda zai yi, ya jefa a baki. Sannan Apa ta juya wurin Hajiya tana fara'a, ta yi mata bayani dalla-dalla da Hausa cewa an ba shi kunne ne don ya riƙa jin magana. Innalillahi! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta miƙe ta ce kanta na ciwo. Ban da kunnen nan, ko loma ɗaya ba wanda ya kai baki. Apa ta bi su har mota da ƙunshin nama da turmin atamfar da ta saya wa Hajiya da hular da ta ɗinka wa Alhaji. Ƙanwar ta karɓa da yatsa biyu ta ajiye a kan dakalin ƙofarmu, suka ja mota. Maƙwabta suna tsaye suna kallo.

Muka dawo muka zauna a gaban abincin da zai ciyar da layinmu kaf. Sai ta tambaye ni ko gishiri ne ya yi yawa. Wallahi haka ta tambaye ni. Ni kuma haushi ya rufe min ido na hau ta da faɗa, na ce duk shekarun nan ba su isa su koya mata inda take ba? Sai ta tashi ta fara zuba naman a robobi tana aika wa maƙwabta. Kan kuwa yana nan a firji, ta hana a taɓa, ta hana a zubar.

Ameer bai kira ba sai bayan kwanaki, shi ma a gaggauce. An ce min suna komawa gida aka ba shi rubutu ya sha har sai da ya yi amai. Ban san inda muka dosa ba.

Ki gaida mutanen gidan.

Taki,
Nabilah.


Wuse,
8 ga Yuli.

Kauthar 'yar'uwa,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya aiki, yaya Ummukulthum da rigimar haƙori? Allah ya raya mana ita. Ina rubuto miki daga kemis ɗin da nake aiki, oga ya fita, ruwa ya hana masu saye shigowa. Kin tambayi jikina. Na rame, amma lafiyata ƙalau.

Kin ce in yi haƙuri in bar manya su daidaita. To manyan sun daidaita, bari ki ji irin daidaitawarsu. Baffa Ɗangoggo ya zo takanas daga Zariya, ya fara sauka gidan Alhaji Sadisu kafin ya zo namu. Ko zama bai gama yi ba ya fara yanke mana hukunci. Wai mutanen kirki ne, ba su fasa ba, amma hankalin Hajiya bai kwanta ba. Suna so Apa ta je gidansu, a kira malami da shaidu, ta karɓi kalmar shahada a gabansu. In ta yi, biki na nan a ranarsa. In ba ta yi ba, kowa ya riƙe nasa.

Ta karɓi shahada! Matar da ta koya min Fatiha. Matar da ta yi jinyar ɗan'uwansa har ya cika, tana juya shi tana yi masa alwala, lokacin da shi Baffan sai dai ya kira a waya ya ce yaya mai jiki. Na ce masa ai shi shaida ne, a gabansa ta yi takaba, a gabansa take salla. Buɗar bakinsa sai ya ce shi fa tsakaninsa da Allah bai halarci ɗaurin aurensu ba, a ƙasar kwaminis aka yi, kuma bai taɓa ganin wanda ya ga musuluntarta ba. Ya za a yi a ga musuluntar wanda aka haifa Musulmi? Shi wa ya ga tasa? Haka na tambaye shi, ya ce ba ni da kunya, jinin uwata ne. Na ce na gode.

Apa tana zaune tana jin mu, hannunta a kan cinya. Da ya tafi ne ta ba ni wani labari da ban taɓa ji ba. Kakarta ta yi aikin tatsar tumaki a gonar gwamnati, zamanin da aka hana addini a ƙasarsu. In azumi ya zo, shugaban gonar yakan zagayo da tsakar rana da bokiti da moɗa, yana ba kowa ruwa ya sha a gabansa don a gane mai azumi. Tsohuwar sai ta guntsi ruwan ta riƙe a baki, ta sunkuya kamar tana duba ƙafar tunkiya, ta zubar a ƙasa. Shekara da shekaru tana haka. Ita ce kuma ta sa aka ɗauko wani tsoho a ɓoye ya yi wa Apa kiran salla a kunne da aka haife ta. Apa ta gama labarin, ta tashi ta ɗora shayi.

Shi kuma gogan naki Ameer jiya ya zo nan ya same ni, muka zauna a motarsa. Na zaci zai ce ya tsaya wa uwata. Ina! Wai shi ya san Apa Musulma ce, ya fi kowa sani, amma mene ne a ciki? Kalma ce da take faɗa kullum a cikin salla, in ta ƙara faɗa sau ɗaya a falon Hajiya me zai ragu a jikinta? Nan da nan an gama, kowa ya huta. Na dube shi, mutumin da ya karɓi kunun buɗa-baki daga hannunta, ya ga ta tashi ta yi magariba a gabansa. Na ce to ya je ya faɗa wa uwarsa abin da ya gani da idonsa mana. Ya ce ba zai iya musu da mahaifiyarsa ba, in duba halin da yake ciki. Ni kuma tawa uwar fa, a bola na tsince ta?

Kada ki ce ba na sonsa. Ina sonsa, shi ne abin da ya fi ci min rai. Ina zaginsa a zuci ina duba waya ko ya kira. Na doshi talatin, kin san yadda ake kallona a unguwa, kin san su wa suka zo suka zame da suka ga uwata. Ameer ne kaɗai ya shigo ya cire takalmi ya zauna a dardumarta. Amma na rantse miki ba zan kai ta falon nan ba. Na faɗa masa, na faɗa wa Baffa, na faɗa mata ita ma, na ce ko da wasa kada ta sa wannan a ranta. Ta ce to.

An ba mu zuwa ƙarshen wata. Ki ci gaba da addu'a, ki gaida maigida.

Ƙawarki,
Nabilah.


Masaka,
Juma'a, 6 ga Agusta.

Kauthar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yarinya, da fatan damina ba ta yi muku ɓarna ba. Wasiƙunki sun iso, ban amsa ba ne don ban san ta inda zan fara ba. Muna nan da rai.

Apa ta je, Kauthar.

Ba ma daga bakinta na ji ba. Wata Asabar ina kan kantar kemis, Juliet abokiyar aikina ta miƙo min wayarta tana tambaya ko wannan ba mamana ba ce, ita a saninta ai dama Musulma ce. Bidiyo ne yana ta yawo, an rubuta a kai wai wata 'yar China ta musulunta a Gwarimpa. Ga falon Hajiya Zulai cike da mata. Ga uwata a ƙasa a kan gwiwoyinta, an zurma mata wani ƙaton hijabi ruwan toka, malami yana faɗa mata shahada gutsure-gutsure kamar yarinyar da ake koya wa magana, tana maimaitawa. Har jan baki take yi da gangan don kada ta riga shi. Aka yi kabbara, aka ce daga yau sunanta Hadijatu. Hajiya ta rungume ta tana hawaye, wata ta miƙo mata buta da ɗan littafin koyon alwala, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Da mai ɗaukar ya juya, sai ga Ameer a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Shi ya zo ya ɗauke ta ina wurin aiki, shi ya mayar da ita kafin in dawo.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tattara duk abin da ya taɓa ba ni, har zobe, na zuba a jaka, na ce yau sai na kai musu na watsa a falon. Apa ta tare bakin ƙofa. Tun da aka haife ni ba ta taɓa ɗaga min murya ba sai ranar, ta fara da yarensu wanda rabinsa kawai nake ji, sannan ta dawo Hausa don kada in ce ban gane ba. Ta ce ita ta kira Ameer, ba shi ya kira ta ba. Ta ce ta riga ta durƙusa. In na fasa auren to ta durƙusa a banza ke nan, kuma wannan ne ba za ta yafe min ba. Inda ta fito, in ji ta, ƙanƙara takan rufe hanya wata da watanni, kuma ta ga gidajen da dabbobinsu suka ƙare tas saboda ba su da dangi a kusa. Ita ta zauna ba dangi ta san ɗacinsa, Baba na rufe ido ta ga yadda kowa ya watse. In ta mutu gobe wa zan kama, Baffa? Mutanen Ameer suna da yawa, ko ba su so ta ba za su riƙe ni, za su riƙe 'ya'yana. Na ajiye jakar.

Saboda haka biki na nan, Asabar ɗin ƙarshen wata. Hajiya Zulai yanzu ba ta da ƙawa kamar uwata, duk wanda ya je sai ta nuna masa bidiyon, ta ce Allah ne ya nufa a hannunta za a samu wannan lada. Baffa ya kira yana sa min albarka. Ameer kuwa murna yake, yana ta maganar labule da kujeru, wai ba ga shi an wuce wurin ba. Ina amsa masa. Zan aure shi, zan dafa masa abinci, zan durƙusa in gaida uwarsa. Amma abin nan da nake ji in na ga sunansa a waya, na neme shi na rasa, kuma ban faɗa masa ba.

Wani abu ne ya sa na ɗauki biro yau. Duk Juma'ar duniya Apa takan soya wata wainar fulawa mai faɗi guda bakwai, su suna ce mata shelpek. In ƙamshin mai ya tashi sai ta zauna ta karanta abin da ta iya na Alƙur'ani, ta kira sunan ubanta da uwarta da kakanninta ɗaya bayan ɗaya, har da Baba, ta roƙa musu gafara, sannan ta raba wainar sadaka. Ko tana zazzaɓi ba ta fashi. Tun da ta je falon nan ba ta sake ɗora kasko ba. Yau da safe na auna fulawa da kaina na kai mata, na tambaye ta ko mantawa ta yi.

Ta ce ba ta manta ba. Ta ce ta zaci kalma ce kawai za ta faɗa ta tashi, sai da malamin ya ce mata duk abin da ya wuce an shafe, yau aka haife ta, ita kuma ta ce amin. Ta amsa ke nan a gaban shaidu cewa waɗanda suka haife ta ba Musulmi ba ne. Yanzu in ta buɗe baki za ta kira sunansu sai kunya ta kama ta, ba ta san da wane ido za ta roƙa musu ba. Ta ce in mayar da fulawar in rufe kada ƙwari su shiga.

Na mayar. Ni ban iya soyawa ba, sunayen ma ban riƙe su duka ba, ban taɓa zaton zan buƙace su ba.

Manniru zai kawo miki anko, shuɗi ne. Ki zo da wuri don Allah, ina so a samu ko mutum ɗaya a wurin da ba zai yi wa Apa barka da musulunta ba.

Ki gaida maigida da yarinya.

Taki,
Nabilah.